Yadda Ishaya Ya Ajiye Bulala

Shekara bakwai ke nan da rasuwar abokina Ishaya, mutumin Madakiya da ke kusa da Kafanchan. Tun shekarar farko na so in rubuta wani abu a kansa, amma duk sanda na zauna sai in ji zuciya ba ta gama hucewa ba. Abin da ya zaunar da ni yau, wani ɗan bidiyo ne da 'yata ta turo mini a waya: wani kare a ƙasar Turai yana tsallake sanduna, yana kutsawa ta cikin wani dogon bututu, yana saƙa tsakanin turaku kamar maciji a ciyawa, jama'a cike da fili suna tafi. A ƙasan bidiyon ta tambaye ni, "Baba, ba wasan Baba Ishaya ba ne wannan?" Shi ne kuwa. Bambancin kawai, nasu akwai fenti da alƙalai, nasa kuwa ganga ce da tsohuwar taya a gindin mangwaro.

Ni haifaffen cikin Kafanchan ne. Gidanmu gidan fawa ne tun kaka da kakanni, ni kaɗai na kauce na yi aikin koyarwa. Da Ishaya benci ɗaya muka zauna a firamare, a zamanin da kukan jirgin ƙasa ke gaya wa mutanen gari lokaci. Shi yana zuwa coci, ni ina zuwa masallaci, kuma duk yamutsewar da garin nan ya sha, ba a taɓa wayar gari ɗayanmu bai aika a dubo lafiyar ɗaya ba. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san cewa abin da zan ce game da halinsa ba tsegumi ba ne. Wanda ya san ka tun kana yawo da gajeren wando yana da hurumin faɗin gaskiyarka.

Ishaya mutum ne mai zafi. Ya yi yawancin rayuwarsa a Kaduna yana horar da karnuka a wani kamfanin gadi, kuma ya yi suna a aikin. Na taɓa kai masa ziyara can, na ga yadda ake yi: sarƙa a wuyan kare, bulala a hannu, a ja shi ya haye katanga ko yana so ko ba ya so. Karnukan suna bin umarni, ba musu, amma wutsiyarsu a matse take tsakanin ƙafafu, idonsu kuma kullum a kan hannunsa yake, ba a kan fuskarsa ba. Da na yi magana sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ku Hausawa ne kun ce wuya makarantar kare. Ni karatu kawai nake bayarwa."

Da a ce a wurin aiki abin ya tsaya, da ba zan kawo shi nan ba. Amma yadda ya riƙe karnuka, haka ya riƙe gidansa. Yana da ɗa guda namiji, Habila, yaro mai sanyin hali wanda ya ɗauko mahaifiyarsa Saratu. Ishaya yana son yaron nan kamar ransa, ni shaida ne, sai dai bai san wata hanyar nuna so ba in ban da gyara, gyaran kuma da hannu. In aka ce ya sassauta sai ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Habila na gama sakandare ya tafi Jos ya koyi walda, ya zauna can. Yana aiko wa uwarsa saƙo, yana gaida uban ta bakinta. Gida kuwa sai in ya zama dole.

Bayan Ishaya ya bar aiki ya dawo Madakiya ya kama noman citta. Bai daɗe yana cin moriyar hutun ba, wata safiya a gona ya faɗi. Shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama suka mutu, baki ya karkace, maganar da a da ake ji daga bakin hanya ta koma 'yan kalmomi da yake fizgowa da ƙyar. A asibiti an ce zai iya samun sauƙi in zai riƙa motsa jiki kullum. Ya ƙi. Aka dawo da shi gida, ya zauna a kujerar katako a gindin mangwaron tsakar gidansa, ya juya wa duniya baya. Fasto ya zo ya yi addu'a, matan zumunta suka zo suka yi waƙa, duk yana kallon ƙasa.

Ranar da na je, Saratu ta tare ni a bakin ƙofa. Ta ce, "Malam, abokinka ya gaji da rai. Abinci ma sai na yi kuka kafin ya karɓa. Ka yi mishi magana, ko zai ji naka." Na zauna na yi maganar, har bakina ya bushe. Bai ko ɗago kai ba. Na koma Kafanchan ina ganin jana'iza ce kawai ta rage.

To, Allah ba ya rasa ta inda zai ɓullo wa bawansa. Akwai wata 'yar karya ta maƙwabta, ramammiya, ja-ja-ja kamar ɓawon citta, wadda ba wanda ya damu da ita. Tana shigowa gidan ne saboda abu ɗaya: Ishaya yana cin tuwo da hannun hagu, hannun kuma yana rawa, rabin lomar a ƙasa take ƙarewa. Ya so ya kore ta, babu murya. Ya so ya jefe ta da sanda, babu ƙarfi. Dole ƙanwar na ƙi, ya zuba mata ido. To amma idon mai sana'a ba ya shanyewa. Ya lura cewa wata rana ta zauna a gabansa daidai lokacin da loma ta faɗi, washegari kuma tana zuwa sai ta zauna, tana jira. Ba wanda ya danna mata ƙugu, ba wanda ya daka mata tsawa. Abin da ya kawo mata abinci jiya, shi ta maimaita yau.

Saratu ta ce daga nan ne ya fara ɓoye guntun tuwo a gefen kwano. In karyar ta zauna sai ya jefa mata. In ta yi tsalle ta dafa shi sai ya kau da kai, ya rufe hannu. Cikin 'yan kalmomin da suka rage masa akwai "yauwa", wadda take fita tas ba tare da sarƙewa ba. Sai ta zama alama tsakaninsu: da zarar ta yi daidai, a daidai wannan ƙiftawar, zai ce "yauwa", sannan ladan ya biyo baya. Saratu ta je ta roƙi maƙwabtan suka bar musu ita, aka sa mata suna Citta.

Zuwana na gaba na tarar da wani mutum dabam. Har yanzu a kujera yake, amma idonsa ya dawo. Ya kama rigata da hannun hagu ya ce, "Malam. Huhu. Ka kawo." Na ɗan jima kafin in gane: huhun saniya yake so daga wurin ƙanena mahauci, a yanka ƙanana a busar, don tuwo ba ya riƙe hankalin karyar yadda yake so. Tun daga lokacin ban ƙara zuwa Madakiya hannu rabbana ba. Mutanen kasuwa har tsokanata suke yi, wai Malam ya zama ɗan aiken kare.

Akwai abin da ya yi mini wanda ba na mantawa. Ya san ni Musulmi ne, ya san ba na son yawun kare ya taɓa tufafin da zan yi salla da su, ko da yake ban taɓa buɗe baki na faɗa ba. Sai ya shimfiɗa wani tsohon buhu can gefe, ya koya wa Citta cewa da ta ji sallamata, wurinta kan buhun nan ne. Haka kuwa aka yi. Ina cewa "salamu alaikum" za ta ruga ta kwanta, tana kaɗa wutsiya, tana kallona daga nesa har in tafi. Mutumin da ba ya iya haɗa jimla ɗaya, da wannan ya gaya mini matsayina a gidansa.

Wasan tsalle-tsallen daga baya ya zo, kuma shi ya tashe shi daga kujera. Citta ta ƙoshi, ta yi ƙarfi, zama da kwanciya sun daina isarta. Ishaya ya tuna kayan horon da ya sani a Kaduna, ya sa Saratu ta jera masa bulo biyu da gora a kai. Ya sa aka fasa gindin tsohuwar ganga ta zama rami, aka rataye taya a reshen mangwaro, aka kafa turaku a jere. Amma ga matsala: kare ba zai bi hanya ba sai da mai nuna masa, mai nunawa kuma sai ya taka. Motsa jikin da likita da fasto da ni muka kasa sa shi, ya yi shi don 'yar karya. Da farko Saratu ke riƙe da shi, sannan sanda, yana jan ƙafa daga bulo zuwa ganga, jakar huhu a rataye a wuyansa.

Na sha zama ina kallon yadda yake koyarwa, kuma a matsayina na wanda ya tsufa a aji, na ga darasi. Ba ya fara gora daga sama. A ƙasa yake ajiye ta, Citta ta taka ta wuce, ya ce "yauwa". Sai bayan ta saba sannan ya ɗaga kaɗan, kuma bai yarda ta yi tsalle mai tsawo ba sai da ƙashinta ya yi ƙwari. Gangar ta tsorata ta matuƙa. Bai tura ta ciki ba. Ta dubi gangar, lada. Ta shinshina bakinta, lada. Ta sa kai, lada. Ranar da ta ratsa ta fito ta ɗaya gefen, ban san wanda ya fi wani murna ba tsakaninsu. In ta kuskure, ba faɗa, ba lada, sai a koma baya a sauƙaƙa. Kuma kullum yakan tsayar da wasan tun tana marmari, don gobe ta zo da zumuɗi. Sannu ba ta hana zuwa. A hankali ya rage huhun, ya zama wani lokaci ɗan tsumma ne za su ja tare, wani lokaci shafa kai kawai.

Kada a ɗauka shagwaɓa ce. Akwai doka a filin nan, har ta fi ta da tsauri, domin yanzu kuskuren na malami ne. In Citta ta kasa, sai ya buga ƙirjinsa da yatsa ya ce, "Ni. Na yi sauri." Hausarsa irin ta mutanenmu na nan ce, ba ruwanta da mace ko namiji, don haka har ya mutu "shi" yake ce mata. "Shi yana so ya yi," in ji shi. "Ba tsoro. Yana so." Tsohuwar bulalarsa ta fata tana rataye a ƙusa a bayan ƙofa, har ta bushe ta tsage, Saratu ta jefa ta a murhu bai ko tambaya ba.

Labari ya bazu, mutane suka fara leƙowa daga Fadan Kaje da Samaru ranar Lahadi bayan an tashi daga coci. A irin wannan taron ne, wata Kirsimeti, Habila ya zo gida. Ina wurin. Citta ta yi tsallenta, ta ratsa ganga, amma da ta zo kan wani falanki da aka ɗora bisa gungume, wanda yake rinjaya in an taka, sai ta tsorata da hayaniyar jama'a ta diro. Aka sake, ta sake dirowa. Ishaya bai ɓata fuska ba. Ya ja ƙafa ya je ya danne falankin da sandarsa don kada ya motsa, ya jira. Ta sa ƙafa ɗaya, ya ce "yauwa", ya ba ta. Mutane suka yi shewa. Na waiga don in ga murna a fuskar Habila, sai na ga ya juya ya fita.

Na same shi a bayan gida, ya jingina da rumbu. Ya ce, "Baba Malam, ka gani, ko? Kare ya kasa, an jira shi, an ba shi nama." Ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini wani tsohon tabo. "Wannan, kalanzir ne na zubar. Ashe ya iya haƙuri. Ashe yana da shi a ciki duk shekarun nan. Kare ya samu baban da ni ban samu ba."

Gaskiya ya faɗa. Ban kuma sani ba ashe Saratu tana kicin ta ji komai, ta kuma kai wa mijinta yadda aka faɗa, ba ragi.

Washegari da hantsi na dawo, na tarar Habila ya riga ya fita bakin titi yana jiran mota. Ishaya kuwa, wanda tun faɗuwarsa bai taɓa wuce ƙofar gida da ƙafarsa ba, ya ɗauki sanda ya kama hanya. Na miƙa hannu in tallafe shi, ya ture. Muka bi shi a baya ni da Saratu, yana tafe yana hutawa, gumi ya jiƙe masa riga. Da ya isa ya tsaya a gaban ɗansa, yana neman kalma. Da ƙyar ya ce, "Habila. Ban sani ba. Da... ban sani ba. Ka gafarta."

Habila ya dubi uban, ya dubi ƙasa. Mota ta tsaya. Ya ce, "Baba, ka koma gida, rana ya yi zafi." Ya shiga, ta tashi. Ishaya ya daɗe a tsaye yana kallon hanyar. Da muka juyo, wannan karon ya bar ni na riƙe shi.

Na ɗauka shi ke nan. Amma bayan damina ta sauka, wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidan, aka sauke ƙarafa. Habila ne ya ƙera su a shagonsa: ginshiƙan tsalle masu ƙugiyoyi daga ƙasa zuwa sama, don a riƙa ɗaga sanda ko a sauke ba tare da an sunkuya an ɗauki bulo ba, da wani dogon ƙarfe na dafawa daga gindin mangwaro har ƙarshen filin. Babu saƙon baki. Ishaya ya bi ƙarfen nan yana shafawa da hannunsa mai lafiya, yana duba wurin haɗin walda, hawaye yana bin gefen bakinsa da ya karkace. Daga baya Habila da kansa ya zo ya kafa su. Ya riƙa zuwa a kai a kai. Ba su cika magana ba, ɗaya ba ya iyawa, ɗaya ba ya so, amma na sha tarar da su a filin tare, uba yana nuni da sanda, ɗa yana gyara tsayin tsalle. A haka suke har ciwon ya sake dawowa ya tafi da Ishaya.

Yanzu in na bi unguwannin Kafanchan nakan tambayi kaina, da yana nan me zai ce? Rashin tsaro ya sa kowa ya ɗaga katanga, masu hali sun sayo manyan karnukan waje, an ɗaure su a keji cikin rana. Akwai masu hana su abinci da gangan, wai don su yi zafi. Ba na ganin laifin mai neman kare iyalinsa, kowa ya san abin da yankinmu ya gani. Amma ina jin Ishaya zai tsaya a bakin irin wannan keji ya daɗe, domin ya san aikin, shi ya yi shi da hannunsa. Zai ce kare mai tsoro ba ya rarrabe ɓarawo da ɗan mai gida. Bidiyon Turawan nan kuwa, na tabbata zai sa a yi ta maimaita masa, ba don tafin ba. Wutsiyar karen zai duba, ya ga ko a sake take.

An ce hali zanen dutse ne. Na yarda da karin maganar nan har na kusa tsufa, sannan na ga dutse ya sake zane a gaban idona. Sai dai ba na so in yi wa mamaci ƙarya don in ƙawata shi. Ba wa'azi ne ya sauya Ishaya ba, ba kuma nasiharmu ba. Sai da aka ƙwace masa hannu da murya sannan ya gano akwai wata hanya, kuma ya gano ta a makare, bayan yarintar ɗansa ta wuce inda ba a dawo da ita. Ya san haka. Bai taɓa neman a ce masa ba komai ba.

Filin yanzu ya zama lambun Saratu, ta shuka yakuwa da gauta. Citta ta tsufa ta mutu a gidan, a ƙoshe. Masu zuwa kallo sun watse, ban kuma ji wani a Madakiya ya ci gaba da wasan ba. In da wasan ne gadonsa, da sai in ce ya tafi da abinsa.

A Sallar da ta wuce Habila ya kawo mini gaisuwa, tare da matarsa da 'yarsu da ta fara makaranta. Bayan an ci abinci muka keɓe, na yi masa tambayar da na daɗe ina riƙe da ita: ko ya yafe wa mahaifinsa? Ya ce, "Baba Malam, wasu ranaku na yafe, wasu ranaku ina kan hanya. Amma duk sanda yarinyan nan ta ɓata mini rai na ji hannuna yana tashi, ba mutumin Kaduna nake gani ba. Tsohon nan nake gani, yana jan ƙafa zuwa bakin titi. Sai hannun ya sauka da kansa."

Saratu takan ce mijinta yana hutawa a wurin Ubangiji. Ni nakan ce Allah ya fi mu sanin bayinsa. Abin da na sani da idona shi ne, a wani gida a Jos akwai yarinyar da in ta ji takun babanta a ƙofa, gudu take yi ta tare shi. Ba ta san kakanta ba, ba ta kuma san daga inda wannan ya zo mata ba.